Hasken Arewa

Idan hunturu ya kama a Ɗanzomo, da almuru sai kowa ya ja mayafi, tsofaffi su kewaye wuta, yara su shige ɗaka. Amma a waɗannan watanni akwai mutanen da kan bar gidajensu, su kashe kuɗi mai yawa, su tafi ƙasashen da sanyinsu ya fi namu nesa ba kusa ba, don kawai su tsaya a fili da tsakar dare su ɗaga kai sama. Abin da suke nema shi ne wani haske da ake kira hasken arewa. Masana kuwa suna ce masa orora.

Da mutum zai tashi daga Maigatari ya miƙe arewa sosai, zai wuce Damagaram da Agadas, ya ratsa Hamada, ya haye Bahar Rum, ya ƙetare ƙasashen Turai. Bayan tafiyar fiye da kilomita 6,000 sai ya isa wani gari na bakin teku a ƙasar Norwe, sunansa Toromso. Nan ne ɗaya daga cikin wuraren da masu kallo suka fi zuwa. Waɗansu kuma sukan tafi Suwidin, ko Finlan, ko Aislan, ko Alaska, ko arewacin Kanada.

Hasken nan yakan fara kamar wani koren gajimare a gefen sama. Jim kaɗan sai ya miƙe, ya zama kamar dogon ƙyalle da aka shanya a igiya iska tana kaɗa shi. Wani lokaci bakinsa ya yi ja, wani lokaci shuɗi. Yakan yi minti kaɗan ya ɓace, ko kuwa ya daɗe yana rawa. Mutanen Finlan na dā sun ce wai yanyawa ce ke gudu a kan ƙanƙara, wutsiyarta tana ta da tartsatsi. Har yau da harshensu "wutar yanyawa" suke kiransa.

To, me ya sa sai da hunturu? Hasken yana nan ko da yaushe cikin shekara, amma ba ya ganuwa sai da duhu, kamar yadda taurari ke nan da rana ba mu ganinsu. A nan wajenmu, tsakanin yini mafi tsawo da mafi gajarta bai wuce kamar awa ɗaya da rabi ba. Can kuwa ba haka ba ne. Duniya a karkace take kewaya rana, saboda haka a Toromso rana ba ta fāɗuwa daga ƙarshen Mayu zuwa ƙarshen Yuli, ba ta kuma fitowa daga ƙarshen Nuwamba zuwa tsakiyar Janairu. Shi ya sa masu kallo kan je tsakanin Satumba da Maris.

Tafiyar ba ta raggo ba ce. Hunturunmu komai tsananinsa ba ya daskarar da ruwan randa. A can kuwa koguna kan daskare har a bi ta kansu, wanda ya bar yatsunsa a waje kuma sanyi na iya lalata su. Dole a fita bayan gari inda babu fitilu, a yi ta jira. In hadari ya rufe sama, mutum ya koma gida bai ga komai ba.

Asalin hasken daga rana yake. Ban da haske da zafi, rana tana fesar da waɗansu ƙwayoyi masu lantarki, ƙanana ƙwarai, ido ba ya ganinsu. Tsakaninmu da rana kilomita miliyan 150 ne. Haskenta yakan iso cikin minti takwas, amma ƙwayoyin nan sai sun yi kwana biyu zuwa huɗu a hanya.

Duniya kuwa kamar wani ƙaton mayen ƙarfe take, shi ya sa allurar kamfas ke nuna arewa. Ƙarfin nan yana kare mu kamar garkuwa, yana kau da yawancin ƙwayoyin. Sauran sai ya ja su zuwa ƙuryar arewa da ƙuryar kudu, kamar yadda indararo ke tara ruwan soro ya zubar wuri guda. Can sama, kilomita 100 zuwa 300 daga ƙasa, sai su yi karo da iska, iskar ta yi haske. Iskar oksijin, wadda muke shaƙa, ita ke ba da kore da ja, ta naitirojin kuma shuɗi. Wani masani ɗan Norwe, Kristian Birkeland, wanda ya rasu a 1917, ya gwada wannan a ɗakin bincike. Ya sa dunƙulen mayen ƙarfe cikin akwatin da aka zuƙe wa iska, ya harba masa lantarki, sai ga zoben haske a kansa da gindinsa.

Yanzu kun ga dalilin da ba mu ganinsa a Gumel ko Gagarawa: muna kusa da tsakiyar duniya, nesa da ƙuryoyin nan biyu. Ƙuryar kudu ma tana da nata hasken.

Kada ku zaci abin kallo ne kurum. Kamar kowace shekara 11 rana takan yi tashin ƙarfi, wani lokaci ta turo ƙwayoyin da yawa gaba ɗaya. A Satumba 1859 an ga hasken har a Kyuba, wayoyin tangarahu suka yi ta tartsatsi. A Maris 1989 irin wannan ta kashe wutar lantarki a lardin Kwibek na Kanada har awa tara, ana cikin sanyi. A Mayu 2024 an gan shi a Ingila da Sifen da Meziko. Irin wannan guguwa tana iya rikita rediyo da taurarin ɗan Adam, waɗanda mu ma muke amfani da su. Don haka masana ke tsaron rana dare da rana, su yi gargaɗi kafin ta iso. Ashe ranar da ke nunar mana da gero ita ce ke kunna fitilar mutanen arewa cikin dogon darensu.

Tambayoyi

1. Me ya sa ba a zuwa kallon hasken arewa a watan Yuni?
2. Wace iska ce ke ba da koren haske?
3. Don me ba mu ganinsa a Ɗanzomo?
4. Me ya faru a Kwibek a 1989?