Kwal ɗin da ake bari a cikin rami

Duk maginin gargajiya ya san azara ba ta son tazara mai yawa. In ɗaki ya cika faɗi, ko dai a tsayar da ginshiƙi a tsakiya, ko a ɗaura baka, in ba haka ba damina ɗaya ta isa rufin ya sauko wa masu gida. To, ɗauki wannan matsalar ka kai ta mita 150 ƙarƙashin ƙasa, inda rufin ba yaɓen laka ba ne, dutse ne tun daga saman kanka har zuwa inda ciyawa take, ga kuma mutum dubu suna kai da kawowa a ƙarƙashinsa. Matsalar da injiniyoyin mahaƙar kwal ke kwana da ita suke tashi da ita ke nan.

Kwal a shimfiɗe yake cikin ƙasa kamar katifa, kaurinsa mita biyu, uku, wani wurin har shida. Tsohuwar hanyar cire shi ita ce a yi ta yanka lunguna a tsaye da a kwance, a bar wasu dunƙulen kwal masu kusurwa huɗu a tsakani ba a taɓa su ba. Waɗannan dunƙulen su ne ginshiƙai. Wato abin da ke riƙe da rufin shi ne ainihin hajar da kamfani ya shigo nema, kuma daga nan rigimar take farawa: kowane tan da aka bari a ginshiƙi kuɗi ne da ba su shiga aljihu ba.

Lissafin ba ya da wuya. Mita ɗaya ta kowace fuska na dutse yana da nauyin tan biyu da rabi. A zurfin mita 150, kowane murabba'in mita na kwal yana ɗauke da tan 375 tun kafin kowa ya taɓa shi. In aka cire rabin kwal ɗin, nauyin bai je ko'ina ba, rabin da ya rage ne zai ɗauka, tan 750. In kuwa aka yanka lunguna masu faɗin mita shida aka bar ginshiƙai su ma masu faɗin mita shida, ido zai ce an raba daidai, amma kashi ɗaya cikin huɗu kawai aka bari, don haka nauyin ya ninka sau huɗu. Sanin nauyin da ke kan ginshiƙi ba shi ne ya daɗe yana gagara ba. Abin da ba a sani ba shi ne iya abin da ginshiƙin zai jure. Har zuwa tsakiyar ƙarnin da ya wuce, a ƙasashe da dama, amsar ita ce: haka muka taras ana yi, kuma bai taɓa faɗuwa ba.

Ya faɗi ranar 21 ga Janairun 1960, a mahaƙar Coalbrook da ke kusa da Sasolburg a Afirka ta Kudu. Mahaƙar tana ciyar da tashoshin wutar lantarki ne, buƙata ta yi ta hauhawa, sai aka koma tsofaffin lunguna ana kankare kwal ɗin da aka bari a rufi. Lungun da tsayinsa bai kai mita uku ba ya koma mita biyar ko fiye a wasu wurare. Faɗin ginshiƙan bai ƙaru ba, tsayinsu ne ya ƙaru. Duk wanda ya taɓa jera bulo ya san gajeren tari ya fi dogo zama da gindinsa.

Ƙasa ba ta yi shiru ba. A ƙarshen Disamban 1959 wani sashe ya rufta, aka ci gaba da aiki. Ranar da abin ya faru ma, da la'asar an ji ƙara da wata iska mai ƙarfi ta bi lunguna, ma'aikata da yawa suka gudo, aka duba aka ce ba komai, aka mayar da su. Bayan magariba ginshiƙai masu ɗimbin yawa suka murƙushe a jere, fili mai faɗin sama da murabba'in kilomita uku ya sauka cikin 'yan mintoci. Mutum 437 suka rasu. Shida Turawa ne, sauran baƙar fata, da yawansu 'yan ci-rani daga Lesotho da Mozambik. An yi ta huda ramuka daga sama ana saurare ko za a ji motsi, daga baya aka haƙura. Ba a fito da gawa ko ɗaya ba. Wata biyu cif bayan haka aka yi kisan gilla a garin Sharpeville, ba nisa da wurin, shi ne duniya ta fi riƙewa, ko da yake mamatan Coalbrook sun ninka na can fiye da sau shida.

Abin da ya sa ruftawar ta zama haka shi ne ginshiƙi ba ya faɗuwa shi kaɗai. In ɗaya ya gaza, kayansa kan maƙwabtansa suke komawa. In su ma da ma a wuya suke, sai su bi shi, na gaba su bi su.

Bayan musibar aka zuba kuɗi a bincike. Wanda ya fi yin suna a aikin shi ne Miklos Salamon, ɗan ƙasar Hungary da ya baro gida bayan boren 1956. Shi da abokin aikinsa Munro ba su tsaya ga matse guntayen kwal a ɗakin gwaji ba, domin ƙaramin guntu yaudara gare shi: ba ya ɗauke da tsagogin da ke cikin babban dunƙule, sai ya nuna ƙarfin da ginshiƙin gaske ba shi da shi. Suka bi mahaƙun ƙasar suna tattara tarihi, wuri 125, daga ciki 27 sun rufta, sauran suna tsaye. Kowanne aka rubuta zurfinsa da faɗin ginshiƙansa da tsayinsu. Daga nan a 1967 suka fitar da ma'aunin da ke raba waɗanda suka tsaya da waɗanda suka faɗi. Ma'aunin ya nuna in aka ninka tsayin ginshiƙi, sama da kashi ɗaya cikin uku na ƙarfinsa ya tafi, wato abin da aka yi a Coalbrook ke nan ba tare da an lissafa ba. Suka kuma ba da shawarar ƙarfin ginshiƙi ya riƙa fin nauyin da ke kansa sau 1.6. A kusan wannan lokacin wani mai bincike, Bieniawski, yana yanka manyan dunƙulen kwal a cikin rami a yankin Witbank yana matse su da jak har su fashe, ya gano ƙarfi na raguwa in dunƙule ya girma, sai ya kai wajen mita ɗaya da rabi sannan ya daidaita.

Ni abin da ya fi burge ni a aikin Salamon shi ne tawali'unsa. Bai ce ya gano sirrin dutse ba. Ƙidaya ya yi ta abin da ya riga ya faru, don haka ma'aunin nasa ba ya da ƙarfin magana a kan zurfi ko irin kwal da ba ya cikin waɗancan 125 ɗin. Masu ɗaukar sa kamar saukakke su suka fi shiga uku.

Ginshiƙi yana riƙe babban nauyi ne. Akwai kuma ƙaramin kisa na yau da kullum, falan dutse da ke ɓallewa daga rufin lungu ya danne mutum ɗaya ko biyu, wanda in aka tara shekara da shekaru ya ci rayuka masu ɗimbin yawa ba tare da jarida ta buga ba. Da can gungumen itace ake tokare rufi da shi. Tsofaffin mahaƙa suna son sa domin yana kuka kafin ya karye, mutum ya samu sararin gudu. Suna kuma ƙwanƙwasa rufin da sandar ƙarfe: in ya yi ƙara tsaf, lafiya, in ya amsa kamar ganga, akwai rata a ciki, a matsa. Daga ƙarshen shekarun 1940 Amurka ta rungumi wata dabara da da farko ma'aikata suka ƙi yarda da ita. Ana huda rufin sama mita ɗaya zuwa biyu, a zura rodi, a ɗaure bakinsa da faranti. Mutum ya ɗaga kai bai ga komai ya tokare rufin daga ƙasa ba, ina hankalinsa zai kwanta? Amma dutsen rufi hawa-hawa yake kamar katakai da aka jera. Katako biyar a sake kowanne lanƙwasawa yake, in aka haɗe su da ƙusa sun zama gungume ɗaya. Rodin yana yin wannan ɗinkin, wani lokaci kuma ya rataye raunanan falale a jikin ƙaƙƙarfan dutsen da ke sama. Daga baya aka koma cusa gam mai saurin daskarewa a ramin, ya kama rodin tun daga kai har gindi. Tunda rodi ba ya kuka irin na itace, sai aka ƙirƙiro ɗan ma'auni mai launin kore da rawaya da ja da ke rataye a rufi. In rufin ya sauko ko da kaɗan ne, koren sai ya shige ciki.

Duk da haka, a watan Agustan 2007 mahaƙar Crandall Canyon a jihar Utah ta Amurka ta rufta kan mutum shida, bayan kwana goma wasu uku daga cikin masu ceto suka rasu. Girgizar ta kai maki 3.9 a na'urorin auna girgizar ƙasa. Akwai kwamfuta, akwai ma'aunai, akwai injiniyoyi. Binciken hukuma ya gano lissafin da aka dogara da shi gurɓatacce ne, ana cin ginshiƙan da aka bari don kariya, kuma a watan Maris na shekarar kwal ya riga ya yi wata mummunar fashewa a wani ɓangaren. Shekara 47 tsakaninta da Coalbrook, amma labarin kamar an kwafa.

Su kuma na sama, da ba su taɓa shiga rami ba, nasu rabon lotsawar ƙasa ne. Manyan mahaƙun zamani sun fi amfani da hanyar doguwar fuska: inji yana aske bangon kwal mai tsawon mita ɗari biyu ko uku, ma'aikata na ƙarƙashin garkuwar ƙarfe da ke matsawa gaba, rufin bayansu kuma da gangan ake barin sa ya zube. Ƙasar da ke sama dole ta bi, har kusan kashi 90 cikin ɗari na kaurin kwal ɗin da aka cire. Hukumar kwal ta Birtaniya ta yi shekaru tana auna wannan, ta fitar da littafin jagora da aka daɗe ana aiki da shi. Abin mamaki, gidan da ke tsakiyar kwarin da lotsawar ta yi yakan sauka lafiya lau. Wanda ke gefe, inda ƙasa ke miƙewa tana lanƙwasa, shi ne bangonsa ke tsagewa, bututu ya ɓalle, rijiya ta ƙafe. Amma ko ba komai wannan lotsawar an san lokacinta, cikin 'yan shekaru ta gama. Ta tsofaffin ginshiƙai ce ba ta da rana. Gefensu yana ta ɓarɓashewa a hankali, ruwa na ci, bayan shekara hamsin ko ɗari sai rami ya buɗe a gonar wani, kamar yadda ake gani a kewayen Witbank, inda wasu tsofaffin ramuka ma wuta ke ci a ciki.

A yankin Ruhr na Jamus akwai wuraren da ƙasa ta sauka sama da mita ashirin. Unguwanni sun koma ƙasa da kogunan da ke ratsa su, ruwan sama ba ya da hanyar fita sai an ɗaga shi da famfo. An rufe mahaƙar kwal ta ƙarshe a yankin a Disamban 2018, amma famfunan suna nan suna aiki dare da rana, ana kashe musu sama da yuro miliyan 200 kowace shekara, kuma a takardun hukuma sunan wannan kuɗin shi ne ɗawainiyar har abada.