Keken titaniyam: kar ka kai shi wurin mai waldar bakin titi

A cikin kekunan gwanjo da ke shigowa ta Legas, jefi-jefi akan tsinci na titaniyam. Ƙarfe ne da ba ya tsatsa, nauyinsa kuma bai kai kashi 60 cikin 100 na baƙin ƙarfe ba.

Sirrin yana cikin bututun. Yadda maginan tukwane na Kwali, garin Ladi Kwali ta jikin naira 20, ke kankare cikin randa su bar kauri inda ake buƙatar ƙarfi, haka ake yi masa. Ana barin bakunansa biyu da kauri, wajen milimita 0.9, tun da nan walda za ta hau, sai a rage tsakiyar. Kamfanin Reynolds na Ingila ne ya yi wa dabarar rajista a 1897.

Akan zura sandar ƙarfe mai kumburi a tsaka cikin bututun, a ja shi ta matsattsen rami har ya ɗauki siffarta. Wasu kuwa daga waje suke goge shi da inji. Daga nan a gasa shi don kada ya tsage.

To, ga inda gizo ke saƙar. In titaniyam ya yi zafi iska ta taɓa shi, sai ya yi gautsi. Dole a lulluɓe shi da iskar argon ciki da waje yayin walda. Waldar ƙofa da taga za ta iya karyewa kana bisa hanya. In naka ya tsage, nemi mai waldar argon, ko ka jingine shi.