Karatun ilimin halittu a jami'a: wace takarda ke buɗe ƙofa a Yamai, Ngaundare ko Kano?

Kowace shekara, da zarar sakamakon jarrabawar BAC ya fito a Nijar, Chadi da Kamaru, sai tambaya ɗaya ta cika gidaje: yaro ya ci, yana son karatun ilimin halittu, wato abin da masu Faransanci ke kira biologie, to ina za a kai shi? Ga iyalin da ke zaune Garwa alhali kawunnai suna Kano, ko wanda ke unguwar zango a Kumasi amma tushensa Maraɗi, amsar ba ta da sauƙi. Jami'ar da ta fi kusa da dangi, ko ta fi dacewa da aljihu, sau da yawa tana tsallaken iyaka, kuma takardar da ke da daraja a nan ba lalle ta yi aiki a can ba.

Iyaye da yawa ba sa ganewa sai lokaci ya ƙure cewa ba ranar rajistar jami'a ake yanke wannan hukunci ba. Tun shekara biyu ko uku baya aka yanke shi, ranar da aka raba yara zuwa ajin kimiyya da ajin adabi.

A ƙasashen da ke karatu da Faransanci

A Nijar da Kamaru, ɗalibin da ya kama layin kimiyya a lise yana shiga aji seconde C, daga nan ya zaɓi C ko D. Rukunin C ya fi ba lissafi da fiziks nauyi, rukunin D kuwa ya haɗa lissafi da ilimin halittu da na ƙasa, darasin da ɗalibai ke kira SVT. BAC D ita ce hanyar da aka saba bi zuwa sashen ilimin halittu, kuma ana karɓar mai BAC C. Wanda ya yi rukunin A, na adabi da falsafa, ƙofar tsangayar kimiyya a rufe take gare shi ko da makinsa ya burge kowa. A Kamaru akwai ƙarin shinge: sai ɗalibi ya ci jarrabawar probatoire a ƙarshen aji première kafin ya shiga terminale.

Ana auna BAC a kan maki 20. Da 10 an ci. 12, 14 da 16 su ne matakan yabo. Wannan bambanci yana tasiri idan aka zo rabon tallafin karatu, kamar na hukumar ANAB a Nijar, ko inda masu nema suka fi gurabe yawa.

Shiga tsangayar kimiyya a jami'o'in gwamnati, kamar ta Abdou Moumouni a Yamai, Dan Dicko Dankoulodo a Maraɗi, jami'ar Ngaundare ko ta N'Djamena da tsangayarta ke Farcha, galibi da takardu ake yin ta: shaidar cin BAC, takardar makin da aka samu, takardar haihuwa, shaidar zama ɗan ƙasa da hotuna, kowane kwafi da hatimin hukuma. A Kamaru kuɗin rajistar ɗan ƙasa a tsangayoyin jami'ar gwamnati jika hamsin ne na CFA a shekara. Ƙasashen UEMOA kuma sun amince tun 2005 cewa ɗalibin wata ƙasa ta ƙungiyar ya biya daidai da ɗan gida. Najeriya da Ghana ba sa cikin wannan ƙungiya, don haka Bahaushen Katsina da ya zo Maraɗi a matsayin baƙo ake lissafa shi, ko da kakarsa a Tibiri take.

Karatun kansa yana bin tsarin LMD, wanda UEMOA ta umarci ƙasashenta su ɗauka a 2007, ƙasashen tsakiyar Afirka ma suka bi irinsa. Digirin farko, licence, shekara uku ne: zangon karatu shida, kowanne da kiredi 30, jimilla 180. Darussan sun kasu uku, wato lacca a babban zaure, aikin motsa ƙwaƙwalwa a ƙananan rukuni, da gwaji a ɗakin gwaje-gwaje. Wanda bai kai ba a jarrabawar farko yana da zagaye na biyu, rattrapage.

A nan ne ya kamata mai sha'awa ya tsaya ya yi tunani. Yawancin masu zaɓen wannan fanni suna zaɓensa ne don sun ji daɗin darasin jikin ɗan Adam da tsirrai a lise, wasu ma don gudun lissafi. Sai su tarar shekarar farko cike take da abin da suka gudo: lissafi, fiziks, kimiyyar sinadarai, tare da ilimin ƙwayar halitta, na dabbobi, na tsirrai da na duwatsu. Ba mugunta ba ce ta masu tsara manhaja. Wanda bai fahimci yadda sinadarai ke haɗuwa ba, ba zai gane yadda ganyen gero ke mayar da hasken rana abinci ba, balle yadda hanta ke tace magani. Shekara ta biyu ce ke kawo sinadaran jikin mai rai, ilimin gado, ƙananan halittu irin su bakteriya, aikin gaɓoɓi, alaƙar halittu da muhallinsu, da ƙididdiga. A ta uku ake karkata: wani ya bi dabbobi, wani tsirrai, wani ƙananan halittu. A ganina, ɗalibin da makinsa na SVT ya yi kyau amma na sinadarai ya yi rauni, gara ya kashe hutun damina yana gyara wannan rauni da ya shiga aji da shi.

Idan aka tsallaka Najeriya ko Ghana

Tsarin Najeriya dabam ne tun daga tushe. Ana buƙatar kiredit biyar a jarrabawar kammala sakandare ta WAEC ko NECO, kuma ga ilimin halittu darussan da aka saba nema su ne Turanci, lissafi, ilimin halittu, kimiyyar sinadarai da fiziks, a zama ɗaya ko biyu. A lura, kiredit ɗin nan ba shi ne kiredin LMD ba. A nan ana nufin matakin ci daga A1 zuwa C6. Wanda ya samu D7 a lissafi bai cika sharaɗi ba, komai kyan sauran.

Bayan haka sai jarrabawar UTME ta hukumar JAMB, wadda ake yi a kan kwamfuta. Darussa huɗu ne, jimillar maki 400, Turanci dole, sai ilimin halittu, sinadarai, da fiziks ko lissafi gwargwadon abin da jami'ar ta gindaya. Kowace jami'a, Bayero a Kano, Ahmadu Bello a Zariya ko Usmanu Danfodiyo a Sakkwato, tana sa nata makin da kuma nata tantancewar. Karatun shekara huɗu ne, daga aji 100 zuwa 400, da aikin bincike a shekarar ƙarshe. Akwai wata hanya, Direct Entry, ta masu takardar da ta ɗara ta sakandare, irin su NCE, difloma ko IJMB da jami'ar Ahmadu Bello ke kula da ita. Su daga aji 200 suke farawa.

Ghana ma da WASSCE take aiki: A1 zuwa C6 a Turanci, lissafi da kimiyyar bai-ɗaya, sannan darussan zaɓi uku na kimiyya. Ana tara matakan darussa shida, kuma ƙarancin jimilla shi ne nasara. Ɗan zangon Kumasi ko Tamale da ke son Kano ya huta da rabin wahala, tunda WAEC ɗaya ce ke shirya jarrabawar ƙasashen biyu.

Mai BAC shi ne ke da aiki a gabansa. Takardarsa baƙuwa ce a Najeriya, sai an fassara ta, ma'aikatar ilimi ta tarayya a Abuja ta tantance darajarta, sannan jami'a ta yanke ajin da za ta sa shi. Kuma za a nemi shaidar Turanci. Haka mai WAEC da ya nufi Yamai ko N'Djamena: sai ya nemi équivalence, wato daidaita takardarsa da BAC. A Nijar ofishin OBEECS ne ke wannan aiki. Tsakanin ƙasashen Faransanci abin ya fi sauƙi, domin BAC ɗin Chadi sananniya ce a Ngaundare da Marwa, inda ɗaliban Chadi suka daɗe suna karatu, kuma akwai majalisar CAMES, wadda aka kafa a Yamai a 1968, mai duba darajar digirori tsakanin ƙasashen.

Akwai wata ƙaramar matsala da ke cin mutane fiye da jarrabawa: rubutun suna. Yaro ɗaya yana iya zama Mahamadou Ousmane a takardar haihuwa, Muhammad Usman a katin makarantar da ya yi wajen kawunsa, Mahamat a wata takardar ta Chadi. A wurinmu suna ɗaya ne, a wurin ma'aikacin rajista mutum uku ne. Haka shekarar haihuwa, musamman ga wanda kotu ta yi wa takardar daga baya aka rubuta “né vers”, wato an haife shi wajajen shekara kaza. Gyaran irin wannan yana ɗaukar watanni, don haka tun yaro yana première ya kamata a baje takardunsa a tabarma a duba ko bakinsu ɗaya.

A kuma yi hattara da masu cewa za su gajarta hanya. A watan Janairun 2024 gwamnatin Najeriya ta dakatar da tantance digirorin Benin da Togo, bayan wani ɗan jarida ya nuna yadda ya samu digiri daga Kwatano cikin mako shida. Matakin ya shafi har waɗanda suka yi karatun gaskiya. Kafin a biya wa yaro kuɗin wata jami'a mai zaman kanta, a fara tambaya ko ƙasar da zai koma aiki ta yarda da takardarta.

Wannan digiri ba ya sa mutum ya zama likita, kuma ya kamata a faɗa wa kaka da ke jiran “dokta” tun wuri. Karatun likita tsangayarsa dabam, da tasa gasar shiga. A Najeriya ko aikin gwajin jini a asibiti yana da nasa digirin na shekara biyar da lasisin hukumarsa. Mai ilimin halittu hanyarsa ta fi karkata ga koyarwa a lise bayan horon malanta, ga tsaron lafiyar abinci da ruwa, da cibiyoyin bincike: INRAN da CERMES a Nijar, AGRHYMET a Yamai, gonar ICRISAT ta Sadoré, IRAD a Kamaru, ɗakin gwajin magungunan dabbobi na LANAVET kusa da Garwa, ko reshen IITA a Kano. Aikin bincike a irin waɗannan wurare yawanci sai da master, wato ƙarin shekara biyu.

Kalandar ƙasashen ma ba ta tafiya tare. JAMB tana buɗe rajista a farkon shekara, ta yi jarrabawa wajajen Afrilu, alhali BAC sai daga ƙarshen Mayu zuwa Yuli ake zaunawa. Ɗalibin terminale D a Damagaram ko Garwa da ya ce sai ya ga sakamakonsa zai nemi Kano, zai tarar rajistar wannan shekarar ta rufe tun yana aji.