Tarakta Mai Yatsun Ƙarfe: Abin Da Ke Sa Ta Kife Da Kaya

Duk wanda ya tsaya a kasuwar Sabon Gari a farkon damina ya kalli 'yan dako suna sauke buhunan takin zamani, zai lura babu mai riƙe buhu nesa da jikinsa. Ko dai a ka, ko a kafaɗa, ko a gadon baya. Dalili kuwa yana cikin halittar ɗan Adam. Tsokokin da ke riƙe ƙashin baya suna kusa da shi ƙwarai, tazarar ba ta wuce santimita 5 ba. In aka riƙe kaya santimita 50 daga ƙugu, sai tsokokin nan sun ja da ƙarfin da ya ninka nauyin kayan kamar sau goma kafin mutum ya tsaya daidai.

Wannan ƙa'ida ita ce ke mulkin tarakta da aka ɗaura wa yatsun ƙarfe biyu a gaba, waɗanda ake zurawa ƙarƙashin dandamalin katako a ɗaga buhunan da aka jera a kansa. Haka nan ƙaramar motar lodin nan da aka fi sani da sunan Bobcat, wadda asalinta wasu 'yan'uwa biyu ne, Cyril da Louis Keller, suka ƙera a Amurka a 1957 don wani mai kiwon talo-talo. Har yanzu ƙarfin mutum ne ke yin yawancin lodi a Zariya. Amma Samaru gari ne na aikin gona tun 1922, lokacin da aka kafa tashar binciken da ta zama Cibiyar Binciken Aikin Gona, wadda ta shiga ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, kuma ɗaliban da ke tasowa a nan su ne za su hau irin waɗannan injuna a manyan gonaki da rumbunan ajiya.

Tarakta mai ɗauke da kaya a gaba kamar sikelin mai awo take. Tayoyin gaba su ne tsakiyar sikelin, kaya a ɓangare ɗaya, nauyin jikin motar a ɗaya ɓangaren. Alal misali, buhu 20 na taki mai kilo 50 tan ɗaya ke nan. In tsakiyar kayan tana mita ɗaya da rabi daga tayoyin gaba, ƙarfin da ke neman ɗaga bayan motar shi ne 1,000 sau 1.5, wato 1,500. To, a ce direba ya yi kasala, bai zura yatsun har gindi ba, kayan suka zauna rabin mita gaba da inda ya kamata. Lissafi ya koma 2,000. Ba a ƙara ko buhu ɗaya ba, amma an ƙara sulusin haɗarin. Da tayoyin baya sun yi sako-sako, birki ya tafi, domin a yawancin taraktoci can yake. Shi ya sa ake rataya wani nauyi a bayan tarakta, ko a ɗura wa tayoyin baya ruwa, kuma shi ya sa adadin da maƙera suka rubuta a jikin yatsun yake tare da sharaɗin nisa, galibi santimita 50 ko 60 daga gindinsu. A Bobcat mai tayoyi, nauyin da aka yarje wa direba rabin wanda zai kifar da ita ne kacal.

Kifewa ta gefe ta fi wuyar ganewa. Mai kallo zai ɗauka tarakta a kan ƙafa huɗu take, alhali ƙarfen da ya haɗa tayoyin gaba a kan ƙusa ɗaya yake lilo a tsakiya, don motar ta iya taka ƙasa mai tudu da kwari. Ke nan zamanta zaman tukunya ne a kan duwatsun murhu uku: biyu a baya, ɗaya a gaba. Kayan da ke kan yatsu suna jan cibiyar nauyinta zuwa gaba, inda murhun ya tsuke. In kuma aka ɗaga su sama, cibiyar ta hau tare da su, har ya zama kunya ɗaya ta gona, ko ramin da ruwan Agusta ya zaizaye, ya isa ya fitar da ita waje. Ga kuma kwana, wadda ke tura kaya gefe, kuma in gudu ya ninka biyu, turin ya ninka huɗu. Saboda haka a yi tafiya da kaya ƙasa-ƙasa, a ɗan karkato yatsun baya, a ɗaga sai an tsaya cik a wuri mai laushin hanya da taurin ƙasa. A gangare kuwa kayan su fuskanci tudu: a hau da gaba, a sauko da baya, kada a ratsa a kaikaice.

Akwai ɗabi'ar da ta fi kowacce muni, wato a ce wa yaron mota ya hau kan yatsu a ɗaga shi, ko ya tsaya a bayan tarakta don ya ƙara mata nauyi. Man da ke cikin tiyo ne kaɗai ke riƙe da hannuwan ɗaga kaya. Ran da tiyo ya fashe, tan guda zai sauko kafin ƙiftawar ido. Don haka ba a shiga ƙarƙashin kaya, direban Bobcat kuma, da yake ta gaba yake fita, ba ya barin kujera sai ya sauke yatsu ƙasa ya kashe inji. Ba a kuma laluben yoyon tiyo da hannu. Man yana fita da matsin da ke huda fata ya bar ɗan tabo kamar na allura, alhali a ciki yana kashe nama, har ya kai ga yanke yatsa in ba a yi tiyata cikin sa'o'i kaɗan ba. Guntun kwali ake karawa.

Ƙasar Suwidin ta wajabta sa ƙarfen kariya a saman kujerar sababbin taraktoci a 1959, mace-macen kifewa kuwa suka ragu ƙwarai. Sai dai amfanin ƙarfen yana raguwa in direba bai ɗaura bel ba, domin wanda ya yi tsalle sau da yawa gefen da motar za ta faɗa yake dira.

In kuwa ƙaddara ta faɗa, kaya suka danne wa mutum cinya na tsawon lokaci, kada a ruɗu da ganin ya tashi yana magana. Likita Eric Bywaters ya bayyana a 1941, daga mutanen da gine-gine suka danne a Landan lokacin yaƙi, cewa tsokar da ta daku tana zubar da sinadaranta cikin jini da zarar an ɗage nauyin. Ɗaya yana toshe ƙoda, ya mai da fitsari kamar ruwan shayi, ɗaya kuma, fotasiyam, yana iya rikita bugun zuciya. A ciro shi da wuri, a wuce da shi Asibitin Koyarwa na Shika ko wanda ya fi kusa, a kuma gaya wa likita tsawon lokacin da ya yi a danne.