Inji Na Kakkarwa: Ba Kullum Ne Laifin Kafireto Ba

Daga Wakilinmu na Arewa, Minna

'Yan'uwa mazauna Kudu masu tahowa gida ta Jebba da Mokwa da Bida a tsohuwar mota, irin Peugeot 504 da aka riƙa harhaɗawa a Kaduna bayan buɗe masana'antar a 1975, sun san yadda inji kan soma kakkarwa kafin a shigo Minna. Nan da nan sai a ce a kwance kafireto.

To, a dakata. Ko a Ingila, inda wasu ke cire kafireton mota su ɗaura guda huɗu na babban babur, watau kowace silinda da nata, gwanaye ba sa fara kwancewa. Sukan duba abu uku: ko famfon fetur na mota ya fi ƙarfin kafireton har mai yana ambaliya; ko roba ta tsage inji yana zuƙar iskar sata; ko kuwa huɗun ba sa buɗewa daidai da juna.

Darasin ya shafi mai kafireto ɗaya ma. A fara cire fulogi. In ya yi baƙi, mai ya yi yawa, wataƙila ƙurar hunturu ta toshe matacin iska. In ya yi fari, mai ya gaza ko iska na kutsawa. In ruwan ƙasa ne, a koma kan wuta.

Direba, fulogi ba ya ƙarya. Ka sa bakanike ya nuna maka shi tukuna, kada kuɗin guzurinka su ƙare a gareji.