Rancen Karatu ga Ɗalibin da Iyayensa Ba Su da Hali

NELFUND, wato asusun rancen karatu na Najeriya, yana bai wa ɗaliban manyan makarantun gwamnati rance marar ruwa, kuma babban alherin dokar rancen karatu ta 2024 ga maraya da ɗan talaka shi ne soke sharaɗin kawo masu tsaya wa ɗalibi, wanda dokar 2023 ta gindaya. Ana nema ta intanet da lambar JAMB, da ta shaidar ɗan ƙasa, da BVN, lambar tantancewa ta banki. Kuɗin makaranta yana tafiya kai tsaye ga makarantar, na ɗawainiya kuwa, Naira 20,000 a wata, yana shiga asusun ɗalibin. Biya yana farawa shekara biyu bayan bautar ƙasa, inda ake cire kashi 10 cikin ɗari na albashi.