Rabi Daga Gwamnati, Rabi Daga Manomi: Yadda Ake Cin Moriyar Takardar Rangwame

Duk wanda ya saba cin kasuwa a ƙasar Hausa ya san gyara, watau ɗan ƙarin da mai awo kan yi wa mai saye bayan an cika mudu. Ya kuma san rangwame, wanda akan samu bayan an yi tayi, an yi albarka, har a kai ga sallamawa. Waɗannan biyu duk da baki ake yin su, ido da ido, kuma nan take ake gamawa. To, amma akwai wani irin rangwame da zamani ya kawo, wanda akan rubuta a takarda ko a aiko da shi ta wayar hannu, a ce wa mutum in ya je wuri kaza kafin rana kaza za a rage masa wani abu daga kuɗin kayan da aka ambata. Wannan ita ce takardar rangwame. An fi saninta a manyan kantunan birni, amma ta daɗe da isa garuruwan manoma irin su Giade, a yankin Katagum na Jihar Bauchi, sai dai ta ƙofar takin zamani ta shiga.

Asalin Takardar

A ƙasar Amurka aka fara wannan dabara. A shekarar 1887 masu sayar da lemon Coca-Cola a birnin Atlanta suka shiga raba wa mutane takardu, duk wanda ya kai tasa sai a ba shi kofi ɗaya kyauta. A shekarar 1909 kuma wani attajiri mai suna C. W. Post ya fitar da takardar da ke rage santi ɗaya daga kuɗin abincin karin kumallo da kamfaninsa ke yi. Daga nan abin ya bazu, har ya zama manyan kantuna da yawa a Turai da Amurka suna yin haka.

Abin lura a nan shi ne, ɗan kasuwa bai taɓa raba irin wannan takarda don sadaka ba. Nufinsa shi ne ya jawo mutum cikin kantinsa, ya saba masa da kayansa, kana in ya shigo don abu ɗaya ya fita da biyar. Banza ba ta kai zomo kasuwa. Gwamnatoci suka ga cewa dabarar da ke kai mai saye ga kanti tana iya kai taimako ga talaka kai tsaye, sai suka are ta.

Yadda Ta Shiga Harkar Noma

Tun daga shekarar 1976, lokacin da aka ƙirƙiro Jihar Bauchi kuma Janar Olusegun Obasanjo ya ƙaddamar da shirin ciyar da ƙasa, Gwamnatin Tarayya ce ta riƙa sayo takin zamani tana raba wa jihohi a kan farashi mai sauƙi. An janye tallafin a 1997, aka dawo da shi a 1999. A duk tsawon waɗannan shekaru kukan manoma ɗaya ne: takin yakan maƙale a hannun masu hanya, ya ɓulla a kasuwa da tsada. Dokta Akinwumi Adesina, wanda ya riƙe Ma'aikatar Aikin Gona ta Tarayya daga 2011 zuwa 2015, ya sha faɗin cewa kashi 11 cikin 100 na manoma kaɗai ke samun takin gwamnati a tsohon tsarin.

Ƙasar Malawi ta fara raba wa ƙananan manomanta takardun rangwamen taki a 2005. A Nijeriya an gwada irin haka a jihohin Kano da Taraba a 2009. Sai a 2012 aka shimfiɗa shirin ga ƙasa baki ɗaya, da sunan GES, aka kuma mayar da takardar ta zama saƙo a wayar hannu. Tsarin kuwa shi ne, manomi ya yi rajista da sunansa da lambar wayarsa. In lokaci ya yi sai saƙo ya zo masa, ya tafi cibiyar da aka ware, ya nuna saƙon da shaidarsa, ya biya rabin kuɗi, a ba shi buhu 2 masu nauyin kilo 50 kowanne, galibi kamfa ɗaya da yuriya ɗaya, tare da ingantaccen iri. Sauran rabin, Gwamnatin Tarayya da ta jiha ke raba shi daidai su biya dilan taki.

Inda Gizo Ke Saƙa

Ga ƙaramar hukuma kamar Giade, wadda ƙidayar 2006 ta nuna tana da mutane fiye da 150,000, kuma akasarinsu da noman gero da dawa da wake da gyaɗa suke rayuwa, wannan tsari ya zo da wata matsala da ba a rubuta a cikin saƙon ba. Rabin da ake nema daga manomi yakan faɗo ne a farkon damina, lokacin da rumbu ya yi ƙasa, hatsi ya yi tsada, ga kuɗin huɗa da na 'yan ƙodago. Wanda ba shi da rabinsa a hannu, takardarsa ba ta da bambanci da wadda ba a aiko ba.

A nan ne masu saye da sari kan samu shiga. A ce buhu yana Naira 6,000, watau buhu 2 Naira 12,000, manomi zai biya 6,000. Sai wani ya tare shi ya ce ya karɓi Naira 1,500 ya bar masa rabonsa. In ya yarda, ya sayar da rangwamen Naira 6,000 a kan rubu'insa, kuma asarar ba ta tsaya nan ba, domin da kaka zai ga bambanci tsakanin damman da ya ɗaure da waɗanda maƙwabcinsa ya ɗaure. Wani lokaci ma shi ne zai koma kasuwa ya sayi wannan takin da mudu a kan cikakken farashi.

Akwai kuma matsalolin da ba laifin manomi ba ne, waɗanda aka yi ta kuka da su a sassa da yawa na ƙasar nan: rashin layin waya a ƙauyuka, sunayen da suka ɓace daga rajista, mata manoma da ba su da wayar kansu, da takin da kan iso bayan shuka ta yi nisa. Daga baya bashin dilolin taki ya taru a kan gwamnati, shirin ya raunana bayan 2015. Amma dabarar ba ta mutu ba, domin a watan Nuwamba na 2023 an ƙaddamar da wani shiri mai kama da shi a Jihar Jigawa don noman alkama na rani, shi ma a kan rabin kuɗi, da taimakon Bankin Raya Ƙasashen Afirka. Saboda haka sanin yadda ake riƙe irin wannan takarda abu ne da manomi zai ci gaba da bukata.

Abin Da Ya Kamata Manomi Ya Yi

Na farko shi ne tanadi, gama ba a fafe gora ranar tafiya. Wanda ya ware tunkiya ko buhun wake tun da kaka da sunan kuɗin taki, shi ne ke cin moriyar rangwame in ya zo. In abin ya fi ƙarfin mutum ɗaya, 'yan'uwa ko 'yan ƙungiya suna iya haɗa kuɗi su karɓa, su raba gwargwadon abin da kowa ya zuba. Wannan ya fi a miƙa wa ɗan sari.

Na biyu, a kiyaye wa'adi, a kuma riƙe lambar wayar da aka yi rajista da ita. Kada a faɗa wa kowa lambar da ke cikin saƙon sai ma'aikacin cibiya. Duk saƙon da ya nemi lambar sirri ta asusun banki, ko ya ce a fara turo kuɗi kafin a saki rangwame, na 'yan damfara ne.

Na uku, a duba kaya kafin a bar wurin: ɗinkin buhu, da nauyinsa, da rubutun da ke jikinsa. Buhun kamfa mai lamba 15-15-15 yana ɗauke da kilo 7 da rabi na kowane ɗaya daga sinadarai ukun da shuka ke bukata, buhun yuriya kuwa kilo 23 na sinadarin da ke sa ganye ya yi kore. Buhu 2 ba su isa hekta ɗaya ta masara ba, don haka watsa su a faɗin gona ɓarna ce. Kamfa a farkon shuka ake sa shi, yuriya kuwa bayan mako huɗu zuwa shida, a turbuɗe shi a ƙasa mai laima. Masu binciken noma na cibiyar ICRISAT da ke kusa da Yamai a Jamhuriyar Nijar sun nuna cewa ɗan takin da bai wuce cikin murfin kwalbar lemo ba, in aka sa shi a kowane rami, yana ƙara yawan gero da dawa ƙwarai, balle in an haɗa da takin gida.

A Kanti Ma Haka Ne

Mutumin Giade da ya shiga babban kanti a Azare ko Bauchi ko Kano, ko ɗansa da ke sayayya ta waya, wannan ƙa'idar ce ke kansa. Takardar da ta ce a rage Naira 1,000 ga wanda ya kashe 10,000, in mutum ya shigo da niyyar kashe 6,000 ya ƙara kayan da ba ya bukata don ya cika sharaɗi, to, ya fitar da Naira 3,000 fiye da niyyarsa, yana murna an yi masa ragi. Ya kamata a rubuta abin da gida ke bukata kafin a duba takarda, a gwada farashin da ya rage da na kasuwar gari, a sa kuɗin mota a cikin lissafi, sa'an nan a karanta ranar lalacewar kaya, domin sau da yawa abin da ya kusa lalacewa shi ake karya wa farashi. Araha ba ta ado.

Aikin da ya rage na shugabanni ne. Dagatai da masu unguwanni da malaman gona su ne suka fi kusa da jama'a, su ya kamata su riƙa karanta wa manoma sharuɗɗan kowane shiri tun kafin ruwa ya sauka, su kuma tabbatar an sa sunayen mata da matasa. Hukumomi kuma su tuna cewa daminar wannan yanki gajeriya ce, daga Yuni zuwa Satumba, takin da ya iso a ƙarshen Agusta ko da rabin kuɗi ne ya yi tsada. Allah ya ba da damina mai albarka, amin.